Ƙasa, Ruwa da Haƙƙin Mazauna: Tarihin Arewacin Zamfara a Gaban Muhawarar Fasa Dutse

A cikin shekaru ashirin da suka gabata, ɗaya daga cikin muhawarori mafi zafi a kan muhalli a Amurka da Turai da wasu sassan Afirka ita ce wadda ta taso game da dabarar haƙo iskar gas da ɗanyen mai da ake kira firakin, wato fasa dutsen da ke can cikin ƙasa ta hanyar tura masa ruwa da matsanancin ƙarfi har ya tsattsage ya saki abin da ke ƙunshe a cikinsa. Babu rijiyar mai ko ta gas ko guda ɗaya da ke aiki a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma ba a taɓa gwada wannan dabara a can ba, amma tambayar da ke tushen muhawarar tsohuwa ce a yankin: wane ne ke da ikon zartar da hukunci a kan ƙasa da ruwan da jama'a ke rayuwa da su, kuma a kan wa cutar ke faɗawa idan hukuncin ya zo da ɓarna. Tarihin arewacin Zamfara tun daga shigowar Turawa ya nuna cewa an sha zartar da irin wannan hukunci a Kaduna ko Legas ko Abuja, mazauna kuwa ba su samu labari ba sai bayan ma'auna sun zo sun kafa turaku.

Kafin a shiga tarihin mutane ya kamata a san yanayin ƙasar da suke takawa, domin yankin yana kan iyakar nau'in duwatsu biyu ne. Ƙaura Namoda da mafi yawan ƙasar Zurmi suna zaune a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke ɓullowa a matsayin fa da tsaunuka, wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa rijiyoyin wannan ɓangare kan ja baya sosai idan rani ya yi nisa. A cikin irin wannan dutse ne ake samun jijiyoyin zinare da dalma a wasu sassan Zamfara, amma ba a samun mai a cikinsa. Da an doshi Shinkafi da Isa kuwa sai ƙasar ta sauya, a shiga bakin abin da masana ilimin duwatsu ke kira kwarin Sakkwato, wato wani faffaɗan lotsawa a doron ƙasa wanda yashi da tsakuwa da laka suka cike shi hawa-hawa cikin miliyoyin shekaru, kuma shi kansa gefe ne na wani kwari mafi girma mai suna Ilummedan da ya ratsa Nijar har zuwa Mali. Hawa mafi ƙasa a wannan kwari shi ne na Gundumi, shimfiɗar yashi da tsakuwa mai shan ruwan sama a inda ta fito fili a gabas, ta kuma adana shi ta gangara da shi yamma a ƙarƙashin sauran hawa. Gulbin Gagare da ke wucewa ta Ƙaura da Gulbin Bunsuru da ke wucewa ta Zurmi suna bi ta wannan yanki ne kafin su shiga Gulbin Rima, kuma ambaliyarsu ce ke shayar da fadamun shinkafa da albasa da aka san ƙasar Shinkafi da su. Sunan Gundumi ya samo asali daga dajin da ke tsakanin Isa da Wurno, wanda matafiyan Turai Kilafaton a 1824 da Bart a 1853 suka ratsa cikin gaggawa saboda ƙishirwa da tsoron harin Gobirawa, alhali ruwa yana kwance a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun samu siffarsu ta yanzu ne a cikin rikice-rikicen ƙarni na 18 da na 19, tun daga faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a zamanin Sarki Babari, zuwa jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda Fulanin Alibawa na Zurmi suka ba shi ƙarfi, ciki har da Muhammadu Namoda, jarumin da ya taka rawa a cin Alƙalawa a 1808 kuma garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa. Abin da ya shafi wannan bayani a cikin gadon wancan zamani shi ne tsarin shari'ar ƙasa da ruwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi na musamman, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, inda ya yi bayanin hurumi, wato filin da ke kewaye da gari ko rijiya ko gulbi wanda ba a yarda wani ya mallake shi ko ya yi abin da zai cutar da masu amfani da shi ba, da kuma keɓantaccen fili da shugaba kan ware domin kiwo da amfanin kowa. A mazhabar Malikiyya hurumin rijiya ya kai duk inda haƙa ko gini zai iya rage ruwanta ko ya ɓata shi ko ya ƙuntata wa masu ɗiba. Haka kuma mazhabar ta sanya ma'adinai a ƙarƙashin kulawar shugaba, amma bisa sharaɗin maslahar jama'a, kuma shugaban da ake magana a kansa yana da wakilai a kusa, hakimi da dagaci da mai unguwa da arɗo, waɗanda talaka ya san ƙofar gidansu. Ba za a ce an bi wannan tsari sau da ƙafa a kowane lokaci ba, domin ƙarni na 19 ƙarnin yaƙi da bauta ne, sai dai ƙa'idar cewa ruwan sha yana da kariyar da ta rinjayi sha'awar mai haƙa tana nan a rubuce, kuma alƙalai sun san ta.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ikon ƙasa ya tashi daga hannun waɗanda ake iya gani ya koma takarda. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan filayen Arewa a hannun Gwamna, dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 kuma suka mayar da duk abin da ke cikin ƙasa mallakar Sarautar Ingila. Tun kafin haka ma, yarjejeniyar da aka yi da Kamfanin Neja lokacin da aka karɓi mulki daga hannunsa a 1900 ta ba shi rabin kuɗin harajin ma'adinan wani babban ɓangare na Arewa har tsawon shekara 99, haƙƙin da gwamnati ba ta fanshe shi ba sai wajen 1950. Wannan gado bai mutu da samun 'yancin kai ba, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamnan jiha, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar wa Gwamnatin Tarayya mallakar ma'adinai da mai da gas. Ma'anar haka ita ce manomin Kware ko Badarawa a ƙasar Shinkafi yana da haƙƙin noma saman gonarsa da haƙƙin diyyar amfanin da aka lalata masa, amma ba shi da mallakar abin da ke ƙarƙashinta.

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta isa Ƙaura Namoda a 1929, kuma a can ta tsaya, abin da ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa har ma da kudancin Nijar. Garin ya bunƙasa, kantunan kamfanoni da baƙin ma'aikata sun zo, haraji da kuɗin gyaɗa suka tura gonaki cikin daji, hutun da ake ba saura ya riƙa raguwa. Amma matakin Turawa da ya fi barin tabo a ƙasar Zurmi shi ne ware gandun dajin Zamfara kafin shekarar 1920, fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000 da ya haɗe da dajin Rugu na Katsina ta gabas. An bar ƙauyuka huɗu a cikinsa, Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Ajja, kowanne da iyakar gonakin da aka shata masa, aka hana sara da sabon noma a sauran dajin. Bayan dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 an mayar da hankali ga amfanin makiyaya, aka gina madatsun ruwa na ƙasa da wuraren kula da dabbobi a kewayen Gidan Jaja. Shekara da shekaru manoman ƙauyukan nan da Fulanin da ke kewaye da su sun rayu a kan wata musayar da ba a rubuta ba, taki a madadin kara da harawa, nono a madadin hatsi, burtali da mashaya a buɗe. Yawan jama'a da farin shekarun 1970 da 1980 sun matsa wa wannan tsari, sannan bayan 1999 aka yanka manyan filaye a gandun Gidan Jaja da na Kuyambana a kudu aka raba su domin noma, rugage da dama suka tashi ba tare da an nemi jin ta bakinsu ba. Masu nazarin rikicin Zamfara suna lissafa wannan cikin tushen fitinar 'yan bindiga, tare da rashin adalcin kotuna da satar shanu da kwararar makamai, kuma abin takaici ne cewa Dumburum, wadda a da masu binciken kiwo ke zuwa nazari a cikinta, yanzu an fi jin sunanta a labaran hare-hare.

Babban misalin tsayuwar jama'a a gaban wani aikin gwamnati a wannan ƙasa ya faru ne a yamma kaɗan, a Bakolori, kusa da Talatar Mafara da Maradun, kuma duk wanda ke son fahimtar yadda talakan Zamfara ke kallon manyan ayyuka dole ya fara daga nan. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato a madadin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, tafki mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin noman rani na zamani. Tafkin ya cinye ƙauyuka da fadamu, aka kwashe dubban mutane zuwa tudu mai ƙarancin albarka, waɗanda gonakinsu ke cikin filin ban-ruwa kuma aka hana su shuka na tsawon damuna fiye da ɗaya yayin da injuna ke baje ƙasa da sare itatuwan amfani kamar ɗorawa da kuka da kaɗanya. Diyya ta yi jinkiri, inda ta zo kuma an yi ƙorafin cewa an tauye ta ko an karkatar da ita. Manoman sun fara da hanyoyin da suka sani, koke ga dagatai da hakimai, wasiƙu ga hukuma, ƙara a kotu, da abin ya faskara sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin tun daga ƙarshen 1979, suka tsayar da kamfanin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, a zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kusa, suka yi harbi suka ƙona gidaje. Alƙaluman gwamnati ba su kai mutum 30 ba, amma 'yan adawa da masu bincike sun ambaci fiye da 300.

Bakolori ta bar darasi na biyu wanda ba a cika tunawa da shi ba, domin bai zo da ƙarar bindiga ba. Binciken da masanin ƙasa Wiliyam Adams ya yi a ƙauyukan da ke gangaren madatsar ya nuna cewa tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamu ke dogaro da ita, dubban kadada na shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani na gargajiya ya ragu saboda ruwan ƙasa ya yi nisa, masunta kuma suka rasa kifi. Waɗannan mutane ba sa cikin lissafin diyya tun farko, saboda injuna ba su taɓa gonakinsu ba, ruwan da ke zuwa musu kawai aka taɓa. Duk wani aiki da ya shafi ruwa yana da irin waɗannan waɗanda abin ya shafa daga nesa, kuma fadamun Shinkafi suna zaune ne daidai a irin wannan matsayi game da duk abin da za a yi a saman Gagare da Bunsuru.

Shekara talatin bayan haka sai cutar ta zo ta wata fuska, daga hannun jama'a da kansu. An haƙi zinare a ƙasar Zamfara tun shekarun 1930, sana'ar ta lafa, sannan ta farfaɗo da ƙarfi lokacin da farashin zinare a duniya, wanda bai kai dala 300 kowace oza ba a 2001, ya haura dala 1,000 a 2008. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum mutane suka riƙa kawo dutsen zinare cikin gida, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ba tare da sanin cewa dutsen da aka shiga haƙa a lokacin yana ɗauke da dalma mai yawa ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, gwaji ya tabbatar da gubar dalma, kuma aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara 400 ne. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gurɓataccen gida, don haka sai an kankare saman ƙasa an zuba sabuwa kafin a fara magani. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari a 2012 har sai da matasan ƙungiyar Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal, tare da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da likitoci, suka tayar da gangami a kafafen sada zumunta da majalisa, aka saki kuɗin a farkon 2013. Abin da ya bambanta Bagega da Bakolori shi ne masu neman haƙƙin Bagega suna riƙe da sakamakon gwajin jini da na ƙasa wanda babu jami'in da zai iya musantawa.

A nan ne tarihin Zamfara ya haɗu da muhawarar fasa dutse. An fara gwada dabarar a jihar Kansas ta Amurka a 1947, amma ba ta zama abin da ya girgiza kasuwar makamashi ba sai a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanin Joj Michel ya gano yadda za a yi amfani da ita a kan dutsen shel na Barnet a Tekzas. Shel dutse ne mai falle-falle da ya samu daga daskararriyar laka, wanda gas ko mai ke maƙale a cikin ƙofofinsa ba ya iya gudana. Ana haƙa rijiya zuwa zurfin kilomita biyu ko uku, a lanƙwasa ta ta bi cikin shimfiɗar dutsen a kwance, sannan a tura ruwa gauraye da yashi da ɗan kaso na sinadarai, yashin ya cusa cikin tsagogin ya hana su rufewa. Rijiya guda kan sha lita miliyan 10 zuwa 30 na ruwa ko fiye, wani ɓangare kuma yana dawowa sama da gishiri mai yawa da ƙarafa masu guba. Masu goyon baya suna da hujjoji na gaske: farashin gas ya faɗi a Amurka, tashoshin lantarki da dama sun bar gawayin kwal mai yawan hayaƙi, ƙasar ta zama ta ɗaya a haƙo ɗanyen mai a 2018, kuma da yake dokar can ta ba mai fili damar mallakar abin da ke ƙarƙashin filinsa, manoma da yawa sun samu kaso daga ribar, abin da dokar Nijeriya ba ta ba kowa ba.

Hujjojin masu adawa sun taru ne a kan ruwa. A ƙauyen Dimok na jihar Fensilbeniya rijiyar wani gida ta fashe a ranar 1 ga Janairun 2009, hukumar muhalli ta jihar ta gano cewa iskar gas ta kutsa cikin rijiyoyin sha daga rijiyoyin kamfanin Cabot da ba a toshe bangonsu da kyau ba, kamfanin kuwa ya dage cewa gas ɗin yana cikin ruwan tun fil'azal. Da yake yawancin gidajen ba su da ma'aunin ingancin ruwansu kafin a fara haƙa, jayayyar ta ɗauki fiye da shekara goma, sai a Nuwamban 2022 magajin kamfanin ya amince ya biya kimanin dala miliyan 16 domin jawo wa ƙauyen ruwan famfo. Rahoton ƙarshe na hukumar muhalli ta Amurka a 2016 ya tabbatar da cewa aikin yana iya shafar ruwan sha a wasu yanayi, musamman inda ruwa ya yi ƙaranci, ko aka zubar da gurɓataccen ruwa, ko bangon rijiya ya samu rauni. A Oklahoma kuma mayar da gurɓataccen ruwan cikin ƙasa ya jawo yawaitar girgizar ƙasa, har da mai ƙarfin maki 5.8 a 2016.

Inda jama'a suka yi nasara, sun yi ta ne kafin haƙa ta yi nisa. Ƙaramin garin Dirayidin a jihar Niyok ya yi amfani da ikonsa na tsara amfanin filaye ya haramta aikin a 2011, kamfani ya kai shi ƙara, babbar kotun jihar ta ba garin gaskiya a Yunin 2014, kafin ƙarshen shekarar kuma jihar baki ɗaya ta sanar da haramci bisa shawarar ma'aikatar lafiya. Faransa ta haramta shi da dokar majalisa a 2011, Ingila ta dakatar da shi a Nuwamban 2019 bayan shekarun zanga-zanga a Lankashiya da girgizar ƙasa mai maki 2.9. Misalin da ya fi kusa da mutanen Zamfara kuwa shi ne na In Salah, tsohon zangon ayarin Sahara a tsakiyar Aljeriya, inda daga farkon 2015 mazauna, maza da mata, suka yi zaman dirshan na watanni a dandalin garin domin hana haƙar gas ɗin shel, saboda rayuwarsu da dabinonsu sun dogara ne kacokan a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya sabuntuwa. A cikin jagororin wannan yunƙuri akwai malamai da injiniyoyi 'yan garin da suka san aikin mai, suka fassara wa jama'a abin da ake shirin yi da harshen da suke ji. Gwamnati ta jingine shirin bayan rijiyoyin gwaji, ko da yake faɗuwar farashin mai a lokacin ta taimaka.

Batun ya matso Arewacin Nijeriya ta hanyar Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, wadda ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar kamfanin NNPC domin neman mai a kwaruruwan da ba a riga an bunƙasa su ba, kuma kwarin Sakkwato yana cikin waɗanda ake lissafawa tare da na Chadi da Bida da Binuwai. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gwambe, maƙwabciya Nijar kuma tana tace man Agadem a matatar Damagaram tun 2011. Adalci ya wajabta a faɗi cewa kaurin hawa-hawan kwarin Sakkwato a ɓangaren Nijeriya bai kai na Chadi ko na Neja Delta ba, kuma a gefen Shinkafi ne ya fi siranta, saboda haka yiwuwar samun mai ko gas na kasuwanci a can ƙarama ce. Haɗarin da ya fi kusa ga ruwan yankin shi ne haƙar ma'adinai, wadda Gwamnatin Tarayya ta haramta a Zamfara a Afrilun 2019 saboda tsaro ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024, tare da sinadarin makuri da ake kama zinare da shi da wankin dutse a bakin ƙoramu. Amma ko mai aka zo nema ko zinare, shimfiɗar Gundumi tana shan duk abin da aka zuba mata a wurin da ta fito fili, kamar yadda randar ƙasa ke riƙe ɗanɗanon abin da aka fara zuba mata, kuma ruwan da ya gurɓace a cikinta ba a iya kankare shi yadda aka kankare ƙasar Bagega.

Doka ta ba mazauna wasu 'yan madafa, ko da yake ba su kai ikon da Dirayidin ta yi amfani da shi ba. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin babban aiki, a kuma baje rahoton domin jama'a su duba su yi ƙorafi, dokar ma'adinai ta 2007 ta sharɗanta neman yardar mai fili da ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara haƙa, dokar 2021 kuma ta tanadi asusun al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu da kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani. Matsalar ita ce rahotannin kan zo da Turanci cikin ɗaruruwan shafuka, a ajiye su a sakatariyar ƙaramar hukuma na 'yan makonni, a yankin da ƙauyuka da yawa suka watse saboda 'yan bindiga, inda kasuwar Alhamis ta Shinkafi kanta ta sha rufewa, kuma mutumin da ke gudun hijira ba ya halartar taron jin ra'ayi. Yardar da aka karɓa daga ƙauyen da babu kowa a cikinsa, ko daga sa hannun mutum ɗaya a madadin dubbai, ba ta cika sharaɗin doka ba balle na shari'a.

Aikin da ya fi gaggawa, kuma mai yiwuwa ko a wannan hali, shi ne a auna ruwan rijiyoyi da burtsatse da gulaben Gagare da Bunsuru tun yanzu, a rubuta zurfinsu da abin da ke cikinsu damina da rani, a ajiye sakamakon da Hausa da Fulfulde a hannun masarautun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da kuma limamai da shugabannin manoma da arɗo-arɗo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki, kuma ya kamata gwamnatin jiha da masarautun uku su ɗora musu shi kafin a ba wani sabon kamfani izinin haƙa a yankin.